Na'urar Auna Gudun Harsashi: A Jikin Bututu Za A Ɗaura Ta Ko A Gefe?

Manomin_Ambursa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba aiki da na'urar auna gudun harsashi, wadda ake kira kuronogiraf. Ina da bindigar iska mai lasisi, mai sifirin, irin wadda ake karya bututunta a ɗana, mai cin dalma ta milimita 5.5, kuma aikinta a wurina shi ne maganin ɓeraye da gafiyoyi a ma'ajiyar shinkafa, sai kuma harbin allo a gona. Ƙanena ya zo mini da na'ura mai idanu biyu, wadda dalma take wucewa ta samanta, amma lambobin da take ba ni ba su da tsayayyen hali: da safe ta nuna mita 196 a daƙiƙa, da rana tsaka ta nuna 214, wani lokaci kuma ta ƙi nuna komai, alhali daga gwangwani ɗaya nake ɗibar dalmar. A kan kujerar roba nake ɗora ta, ni kuma ina harbi daga kan teburi. A ganina duk na'urar da ba a jikin bindiga take ba, ba abin dogaro ba ce, tunda kullum sai an sake saita ta, don haka ina tunanin in sayar da wannan in nemi irin wadda ake ɗaurawa a bututu. Ina so in ji daga gare ku kafin in kashe kuɗi.

Injiniya_Jega:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka sayar, ka fara duba kujerar nan, domin ina zargin wani kaso na matsalar daga gare ta yake. Abin da na'urar take aunawa shi ne lokaci: ido na farko ya ga inuwar dalma sai agogon ciki ya fara ƙirga, ido na biyu ya gan ta sai ya tsaya, sannan a raba tazarar idanun da lokacin da aka samu. A yawancin ƙananan na'urori tazarar ƙafa ɗaya ce, kusan santimita 30, kuma dalmar da ke gudun mita 200 a daƙiƙa tana cinye wannan tazara cikin kashi ɗaya da rabi na dubu na daƙiƙa, saboda haka ƙaramin kuskure a zaman na'urar yana fitowa fili a lamba. Idan taka mai naɗewa ce kuma ba ta buɗe ta miƙe sarai ba, idanun suna karkatowa wajen juna, tazarar da suke gani ta ragu, sai ta ba da lamba sama da gaskiya. Ragin milimita 3 kawai ya kai kashi ɗaya cikin ɗari, wato mita 2 a daƙiƙa. Idan kuma ta karkace daga layin harbi, dalmar za ta bi hanya mafi tsawo tsakanin idanun, sai lambar ta sauko ƙasa da gaskiya, kuma karkatar digiri 10 tana rage kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. Kujerar roba tana laushi a rana, ƙafafunta kuma suna nutsewa a rairayi ba tare da mutum ya lura ba. Ka juya na'urar ka duba ƙarƙashinta, za ka ga rami mai zare na rubu'in inci, irin na kyamara. Ka nemi mariƙi mai ƙafa uku na masu ɗaukar hoto ka ɗaura ta a kai, ka rataya ƙaramin buhun yashi a tsakiyar ƙafafun saboda iska, sannan ka aro ma'aunin daidaito mai ɗigon ruwa daga magina ka tabbatar ta kwanta daidai gaba da baya.

Dan_Gwandu:
Bayanin Injiniya daidai ne, sai dai lissafinsa bai kai ga bambancin da mai tambaya ya kawo ba. Tsakanin 196 da 214 akwai mita 18, kusan kashi tara cikin ɗari ke nan, kuma kujera ba za ta karkace har haka ba mutum bai gani da idonsa ba. Dole akwai wani dalili ban da zaman na'urar.

Malama_Kimiyya:
Ina tare da Dan_Gwandu, kuma ina ganin sauran dalilin haske ne. Idanun nan sama suke kallo, suna jiran ɗan duhun da dalma za ta jefa musu lokacin wucewa, don haka suna bukatar sarari mai haske iri ɗaya a bisansu. Wannan shi ne amfanin fararen robobin nan biyu da ake kafawa a kan sanduna: a ranar da gari ya washe, sama ta yi shuɗi, su ne suke tara hasken rana su zama farin bango ga idanun. Idan rana ta yi ƙasa, da hantsi ko bayan la'asar, haskenta yana kutsawa ta gefe ya faɗa cikin ido ɗaya ya bar ɗayan, ko kuma ya ƙyalla a jikin dalma ya goge inuwar da ake jira, sai na'urar ta ƙi nuna komai ko ta nuna abin da hankali ba zai ɗauka ba. Mafi muni shi ne ƙarƙashin bishiya. Mutanenmu suna son inuwar dogonyaro, kuma da gaskiyarsu a zafin Kabi, amma ganyen da iska ke kaɗawa yana jefa inuwa mai motsi a kan idanun. Mai harbi ya zauna a inuwa idan yana so, na'urar kuwa ko dai ta fita fili gaba ɗaya ko ta shiga inuwa cikakkiya mai buɗaɗɗiyar sama. Lokacin hunturu, idan hazo ya rufe rana sama ta yi fari fat, an samu yanayi mai kyau, har ana iya cire robobin, amma a riƙa goge ƙurar da ke taruwa a ramukan idanun da busasshen ƙyalle mai laushi. Malam Manomi, a ina kake kafa ta, kuma ta wace fuska rana take lokacin?

Manomin_Ambursa:
Malama, a gindin dogonyaron bakin ma'ajiya nake kafa ta da safe, ina fuskantar gabas, idan rana ta take kuma in shige da ita cikin ma'ajiyar in kunna fitilar silin mai dogon ƙwai.

Malama_Kimiyya:
To, an taru an haɗa abubuwa uku. Ganye mai motsi, rana a gaban idanun, sannan fitila mai dogon ƙwai. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, irin wannan fitila kuma tana ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa. Idon mutum ba ya kama wannan, amma idon na'urar yana ɗaukarsa a matsayin inuwa mai wucewa. Idan dole ne a yi awo a cikin ɗaki, a yi amfani da tsohon ƙwai mai zare a ciki, ko a shimfiɗa fitilun LED a kan fararen robobin a haɗa su kai tsaye da batirin sola, ba tare da na'urar rage haske a tsakani ba, domin ita ma ta hanyar ƙyaftawa take rage hasken.

Tsohon_Soja_Zuru:
Kafin a yi nisa ina so in ja hankali a kan abu biyu, musamman saboda masu karatu da ba sa magana. Na farko doka. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ita ake aiki da ita, ta raba bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da lasisin Shugaban Ƙasa, na biyu bindigogin mallakar mutum, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, kuma bindigar iska a cikinsu take, na uku kuma masu cin albarushi ta baki, irin bindigar toka, waɗanda ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Mutane da yawa suna ɗaukar bindigar iska kamar kayan wasan yara, doka kuwa ba haka ta ɗauke ta ba. A halin tsaron da yankinmu yake ciki, duk wanda zai yi harbin gwaji ya sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, kada ƙara ta tayar wa jama'a da hankali. Na biyu, mai awo yakan zuba ido a kan na'ura ya manta da inda harsashi zai ƙare. A fara tanadin tudun ƙasa ko jerin buhunan yashi a bayan allo, sannan a kafa na'ura. Kuma duk lokacin da za a je gabanta don gyara ko karanta lamba, a karya bindigar a ajiye ta babu komai a ciki.

Manomin_Ambursa:
Na gode Yallaɓai. Takarduna suna nan, kuma bayan allon akwai gaɓar tsohon ramin da aka ɗebi ƙasar gini, ta fi tsayin mutum.

Jikan_Sarkin_Baka:
Ni dai 'ya'yana ban ga abin da ya kai ga duk wannan ɗawainiya ba. Mun tashi mun tarar da iyayenmu suna farauta a dazuzzukan Yawuri da bindigar toka, babu wanda ya san lambar gudun harsashinsa, amma kowa ya san awon albarushinsa da nisan da bindigarsa take kaiwa, kuma daga ƙarar kaɗai ana gane wadda ta ci daidai da wadda ta yi sanyi. Wanda zai harbi ɓera a taku goma, me lamba za ta ƙara masa?

Bakabe_a_Ingila:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da kuka sani da kunne da hannu ilimi ne na gaske, kuma babu mai raina shi. Amma bindigar iska ba ta da ƙarar da za ta faɗa wa mutum halin da take ciki. Sifirin yana gajiya a hankali, robar da ke tura iska tana cinyewa, ta bakin bututu inda ake karyawa ita ma tana tsagewa, ƙarfin yana raguwa kaɗan-kaɗan har ranar da za a harbi gafiya ta shige rami da rauni ta mutu a ƙarƙashin buhuna. Na'urar tana nuna wannan raguwa tun kafin ido ya gani. A nan inda nake zaune kuma akwai dalili na doka: a Ingila bindigar iska da ƙarfinta ya wuce jul (ma'aunin ƙarfin harbi) 16 da ɗoriya sai da takardar izinin mallakar bindiga, a Jamus ma iyakar jul 7.5 ce, saboda haka da wuya ka je ƙungiyar harbi ka rasa na'urar awo. Lissafin ƙarfin kuwa rabin nauyi ne a kilogiram, a ninka shi da gudu, a sake ninkawa da gudun. Dalmar milimita 5.5 da aka fi sani tana da nauyin kusan giram 0.93, idan tana gudun mita 200 a daƙiƙa ƙarfinta ya kai jul 18 da rabi.

Sai in koma kan ainihin tambayar, domin na yi aiki da irin wadda Malam Manomi yake sha'awa. Wadda aka fi sani ita ce MagnetoSpeed. Siffarta kamar banati, ana ɗaure gindinta a ƙarƙashin bututu da maɗauri, harshenta ya miƙe gaba ya wuce bakin bindiga, a cikinsa kuma akwai idanun maganaɗisu biyu da ke jin wucewar harsashi. Ba ruwanta da rana ko inuwa ko hazo, kuma ba sai mutum ya je gaban layin harbi ba, wannan kam ta fi mai idanun haske nesa ba kusa ba. Amma ita ma sai an saita ta, har ma ta fi bukatar kula. Tana zuwa da 'yan robobi masu kauri daban-daban da ake jerawa tsakaninta da bututu har harshen ya zauna kusan milimita 6 a ƙarƙashin hanyar harsashi, da kuma wata miƙaƙƙiyar sanda da ake gwadawa da ita a tabbatar harshen bai ɗago ya shiga hanyar ba. Idan ya yi ƙasa da yawa ba za ta ji komai ba, idan ya yi sama harsashi ya fasa shi. Bututun da ke sirancewa zuwa baki yana sa ta karkace, sai an sa roba mai gangara. Abu na biyu, duk nauyin da aka rataya a ƙarshen bututu yana canza yadda bututun yake girgiza lokacin harbi, sai inda harsashi ke sauka ya gusa, don haka ba a gyara saitin madubin hangen da ke kan bindiga tana ɗaure. Abu na uku shi ne ya fi shafar mai tambaya: bindiga mai sifirin tana dukan baya sannan ta yi dukan gaba, wannan girgiza biyu tana sassauta maɗauri, ga shi kuma daidai wurin da za a ɗaura na'urar nan ne hannu yake kamawa a karya bututu a kowane harbi. A kan irin bindigarka, Malam, ban ba ka shawarar ta ba. Kuma ƙaramar samfurin mai arha an yi ta ne domin harsasai masu albarushi. Babbar, V3, ita ce ake iya ƙara wa ji domin dalma.

Dan_Gwandu:
Ke nan maganar cewa ta jikin bindiga ba ta bukatar saiti ta faɗi.

Maharbin_Bunza:
Ba ta faɗi gaba ɗaya ba. Bakabe ya yi magana a kan ɗaurawa a bututu, amma jikin bindiga ba bututu kaɗai ba ne. Akwai mariƙan da ake ɗaurawa a dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙotar gaba, inda ake sa ƙafafun bindiga, su miƙo harshen na'urar zuwa baki ba tare da ta taɓa bututu ba. Da zarar an saita tsayin sau ɗaya an ɗaure notin, ana cirewa a mayar ba tare da sabon awo ba, kuma bututun yana girgizarsa yadda ya saba. A kan bindiga mai tukunyar iska, wadda bututunta ba ya karyewa, wannan ita ce hanya mafi sauƙi da na gani. Ra'ayin mai tambaya yana da tushe, bindigarsa ce kawai ba ta dace da shi ba.

Mai_Walda_Kamba:
Idan haka ne, ni zan iya haɗa irin wannan mariƙi da ƙaramin bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu. Tambayata ita ce ko ƙarfe a kusa da maganaɗisun zai ɓata awon, sannan ko za a iya huda ƙotar a sa noti.

Tsohon_Soja_Zuru:
Malam mai walda, ka tsaya a kan abin da zai riƙe na'ura, kada ka taɓa bindigar kanta. Dokar da na ambata ta hana gyara ko haɗa bindiga sai a wurin da hukuma ta ba izini, kuma ba na so mai sana'a ya jefa kansa cikin tuhuma a kan aikin da bai taka kara ya karya ba. Ƙafar da za ta tsaya a ƙasa ko a manne da teburi ba ta da wannan matsala.

Injiniya_Jega:
Game da ƙarfe, abin da idon maganaɗisu yake ji shi ne canji mai sauri, don haka ƙarfen da ke zaune wuri ɗaya a gindin na'urar ba shi ne abin tsoro ba, tunda bututun bindigar ma ƙarfe ne. Duk da haka a bar harshen a sarari, kada a shimfiɗa masa ƙarfe a ƙarƙashi. Amma ina ganin aikin da ya fi amfani ga mai tambaya shi ne wanda Yallaɓai ya nuna: doguwar sanda miƙaƙƙiya da za a manne a teburin harbi, gindinta yana da mazaunin da bindiga ke kwanciya, ƙarshenta kuma yana da faranti mai noti na rubu'in inci inda na'urar haske za ta zauna. Haka nisa da tsayi da layi duk sun zama abu ɗaya a kowace rana. Bindigar iska ba ta fitar da hucin wuta, saboda haka rabin mita zuwa mita ɗaya daga baki ya isa. Masu albarushi ne ake nisanta wa na'urar mita 3 zuwa 4 da rabi, domin hucin da ke fita yana iya riga harsashi isa ido na farko ko ya girgiza robobin.

Malama_Kimiyya:
Sai dai a kula, idan sandar tana manne da teburi, girgizar sifirin za ta bi ta har zuwa na'urar. A sa roba, ko yankin tsohuwar tayar babur, tsakanin farantin da sandar.

Bakabe_a_Ingila:
Akwai wani abu da ya kashe na'urorin haske da yawa, kuma a wannan ɗan nisa ne ya fi faruwa. Madubin saiti yana zaune santimita 4 zuwa 5 a saman bututu. Mai harbi ya leƙa madubi ya ga sarari tsakanin sanduna, ya ja kunama, alhali bututun yana kallon goshin na'urar. Na ga wadda dalma ta shiga ta fuskar lambobi ta fito ta gidan batir, mai ita kuwa rana ta farko ke nan da ya fito da ita daga kwali. Maganin shi ne a ɗaura farin zare ko tef a kan sandunan a tsayin da dalma ya kamata ta bi, kusan santimita 10 zuwa 15 a saman idanun, sannan a ɗaura wani a sama da shi da gwargwadon tsayin madubi, a riƙa saitawa da na saman. Kuma a cire sandunan ƙarfe a sa na itace.

Maharbin_Bunza:
Tsinken tsire mai kauri yana shiga ramukan wasu daidai, in ba haka ba a fere gora. Idan dalma ta same shi sai ya karye shi kaɗai, na ƙarfe kuwa yana fizge ramin ya tsaga jikin na'urar, wani lokaci ma dalmar ta dawo.

Jikan_Sarkin_Baka:
To na ji dalilin raunata dabba, kuma wannan hujja ce da na yarda da ita, domin mu ma an hore mu kada mu bar dabba da rauni. Ina tambaya, tamu ta toka za ta aunu a wannan na'ura?

Injiniya_Jega:
Ranka ya daɗe, da wahala ta ba da lamba mai kyau, kuma ina tsoron na'urar ba za ta kai labari ba. Hayaƙin albarushi yana rufe idanun, tartsatsi da tsumman da aka danna suna fita tare da harsashi, kowanne yana jefa tasa inuwar, ga shi kuma ƙwayoyin suna watsuwa. Ko bindiga mai harsashin kwali ta zamani, robar da ke riƙe ƙwayoyin takan fasa fuskar na'ura idan ba a sa mata kariya ba.

Malama_Kimiyya:
Abin sha'awa, Baba, da irin bindigarku aka fara wannan awo a duniya. A 1742 wani Baturen Ingila mai suna Benjamin Robins ya bayyana hanyar rataya abu mai nauyi kamar lilo, a harbe shi, a auna yadda ya ɗaga, daga nan a lissafo gudun harsashi. A 1864 kuma wani hafsan sojan Beljiyam, Le Boulengé, ya fito da na'ura mai lantarki inda harsashi ke tsinka wayoyi biyu. Hanyar lilon har yau muna koyar da ita, kuma Malam Manomi zai iya amfani da ita ya binciki na'urarsa. A cika gwangwani da yumɓu mai laushi har nauyinsa ya kai giram 200, a rataye shi a kwance da zare huɗu masu tsawo ɗaya, bakinsa yana kallon mai harbi. Dalmar giram 0.93 mai gudun mita 200 za ta tura shi da gudun kusan mita 0.93 a daƙiƙa, ya ɗaga sama da kusan santimita 4.4. Ba za ta bambance 198 da 202 ba, amma idan na'ura ta ce 214 lilo kuma ya tsaya a 4.4, an san wanda za a tuhuma, tunda 214 zai kai shi santimita 5. Kada a yi amfani da katako mai tauri, dalma tana dawowa daga gare shi.

Dan_Gwandu:
Har yanzu babu wanda ya yi maganar rada, alhali ita ce ta raba wannan gardama a wurin masu hali. LabRadar da kuma Garmin Xero C1 Pro, wadda ta fito a 2023, ba sa bukatar harsashi ya ratsa ta cikin komai. Ana ajiye su a gefen bindiga suna kallon allo, su aika igiyar rediyo, su auna yadda ta canza bayan ta dawo daga jikin harsashi. Ta Garmin ba ta kai tafin hannu ba, tana auna daga ƙafa 100 zuwa 5,000 a daƙiƙa, wato kusan mita 30 zuwa 1,500, kuma ana cajinta da waya irin ta salula. Babu rana, babu maɗauri, babu fargabar harbe ta.

Bakabe_a_Ingila:
Gaskiya ne, amma ita ma tana da nata sharaɗin zama. Rada tana ganin gudun da ke kan layin da take kallo ne kawai, don haka idan ta kalli gefe lambar tana sauka, daidai da lissafin karkata da Injiniya ya yi a farko. Tsohuwar LabRadar ƙarar harbi ce take tayar da ita, bindigar iska kuwa ba ta da isasshiyar ƙara, sai an haɗa mata ƙaramin makirfo a kusa da baki. A cikin ma'ajiya mai rufin kwano da buhuna a kowane gefe, igiyar tana dawowa daga wurare da yawa, fanka mai juyawa ma tana iya ruɗa ta. Sannan kuɗinta ya ninka na mai idanun haske sau da yawa. Wanda zai yi odar kowace daga waje kuma ya fara tambayar kwastan abin da ake bukata, domin kayan da suka danganci makamai suna da takardar izini da ke fitowa daga ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa.

Manomin_Ambursa:
Na gode ƙwarai da duk waɗannan bayanai. Na aro mariƙin kyamara, na fitar da na'urar fili kusa da azahar da robobinta a kai, na juya baya ga inda rana ta karkata. Harbi goma sun faɗo tsakanin 197 da 205, kuma ba ta ƙi nunawa ko sau ɗaya ba. Sai dai biyun farko su ne mafi sama, har da ɗan hayaƙi a bakin bututu. Duk da haka ban janye ra'ayina duka ba, domin aikin kafawa da daidaitawa a tsakiyar ranar Afrilu ba ƙaramin abu ba ne, kuma da bindigata mai tukunya ce da hanyar Maharbin_Bunza zan bi.

Maharbin_Bunza:
Hayaƙin nan mai ne yake ƙonewa. Idan an ɗiga man keke ko na inji a ramin iska, matsin da sifirin ke yi yana kunna shi kamar yadda injin dizal yake yi, sai gudun ya haura a harbin farko, kuma yana cinye robar ciki. Ka daina sa mata irin wannan mai, ka bar ta ta ƙone wanda ke ciki, sannan ka sake awo. Tazarar mita 8 za ta ragu.

Injiniya_Jega:
Ni ban gamsu cewa mai ne kaɗai ba. Dalmar gwangwani ɗaya ma tana bambanta a nauyi, wasu kuma siket ɗinsu, wato buɗaɗɗen gindin dalma, ya lotse tun a hanya. Ka kai guda ashirin wurin maƙerin zinariya ya ɗora maka su a sikelinsa ɗaya bayan ɗaya, ka ware masu nauyi ɗaya ka harba su kaɗai. Kuma tunda ka ambaci mai tukunya, ka sani zafi yana taɓa ta: tukunyar da aka cika zuwa "bar" 200 (ma'aunin matsin iska) a sanyin digiri 25, idan ta zauna a rana ta kai digiri 45, matsin zai haura zuwa kusan 213, gudun kuma ya canza idan ba ta da abin daidaita matsi. Duk awon da za a rubuta, a rubuta zafin ranar da nisan na'ura daga baki a gefensa, in ba haka ba lambar watan Janairu ba za ta kwatantu da ta Afrilu ba.

Malama_Kimiyya:
A ƙara da batir. Mai idanun haske tana fara ba da lambobin banza idan batirinta mai bolt 9 ya yi sanyi, tun kafin fuskarta ta dushe, kuma waɗanda ake sayarwa a kan tebur a kasuwa da yawansu sun daɗe a rana. A nemi nau'in da aka rubuta wa "alkaline", a cire shi daga ciki idan an gama aiki.

Mai_Walda_Kamba:
Malam Manomi, idan ka yanke shawarar sandar teburin, ka auno mini tsayin bututu daga kan teburi lokacin da bindigar take kwance a mazauninta, da kuma tsayin na'urar daga gindi zuwa idanu. Zan yi farantin mai hawa da sauka a kan dogon noti, in bar masa wurin roba kamar yadda Malama ta ce. Injiniya, mita ɗaya zan yanka sandar ko in rage?